Sawun Kaka a Bakin Rijiyar Shuni

Duk shekara idan tumatir ya yi arha, ba na shiga kasuwa da kaina, aike nake yi. 'Ya'yana sun mai da abin na tsokana. Wai mace 'yar ƙasar Kura, wadda aka yaye da miyar tumatir, ita ce ke toshe hanci idan ta gifta kwandon da ya kwana biyu a rana. Ina barin su su sha dariyarsu. Ba tumatirin nake ƙi ba, ina cinsa kamar kowa. Warin wanda ya fashe ya fara tsami, ƙudaje suna binsa, shi ne ba na so. Da ya bugi hancina sai in ji sanda a hannuna, in ji nauyin tsoho a ɗaya ƙarshen sandar yana biye da ni.

Tsohon nan kakana ne na wajen uba, kuma marini ne. Idan kai ɗan yanzu ne sai na ɗan yi maka bayani, don ƙasarmu kafin a san ta da shinkafa da tumatir, da baƙin yadi aka san ta. Rijiyoyi ake haƙawa masu zurfi, a shafe cikinsu da bakinsu da laso, wato simintin mutanen da, sannan a zuba ruwa da toka da shuni a bar su su tsima. Wurin da rijiyoyin suke jere shi ake kira karofi. A nan ake tsoma farin yadi a ɗaga, a tsoma a ɗaga, har ya yi baƙi, daga nan a kai wa mabuga su buge shi da guduma a kan gungume har ya riƙa ƙyalli. Buzaye sukan taso da raƙuma daga inda ba mu ma san sunansa ba saboda rawanin nan ɗan Kura. Kaka ya gaji rijiyoyi bakwai daga mahaifinsa a karofin tsohon garinmu na bakin kogi. Ko da na yi wayo ya daina aiki, amma shunin bai bar faratansa ba. Nakan kama hannunsa in ce, “Kaka, kai dai ba ka wanka.” Shi kuma ya ce ruwan gidanmu ne ba shi da kirki.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba. “Uwata” yake ce mini. Ina 'yar mitsitsiya, majina a hanci, dattijo mai furfura zai ajiye mini ƙashin kaza mai tsoka ya ce ba ya cin abinci uwarsa tana kallo. Duk gidan babu mai kirana da wannan suna sai shi, kuma babu abin da nake taƙama da shi a cikin yara kamarsa.

Mahaifina kuwa shi ne ɗan farinsa, ka kuma san yadda mutanen da suke da ɗan fari. Kaka bai taɓa ambatar sunansa ba, bai taɓa zama ya yi doguwar magana da shi ba. Gaisuwar safe ce kawai, mahaifina ya durƙusa daga bakin ƙofa, Kaka ya amsa yana kau da kai. Duk abin da ya wuce gaisuwa sai an nemi ɗan aike, ni ce kuwa 'yar aiken. “Uwata, je ki gaya wa wancan, soron nan yana yoyo.” In ruga. “Ce masa an ji, za a gyara.” In rugo. Taku goma ne tsakanin ɗakunansu, amma na fi mai raba wasiƙu zirga-zirga. A lokacin daɗi nake ji, ina ganin ni ce babba a gidan. Sai da na girma na gane mutum biyu ne suka ƙi ɗaukar kayansu suka ɗora wa yarinya.

Aikin ruwan noman rani ya zo ina goye, don haka labarin katafila ji na yi. An ce ta share gonaki da dorawoyi da kan iyaka, aka miƙe ƙasa, aka ja kanal, mutanen tsohon gari suka tattaro suka dawo kusa da titi. Da katafila ta doshi karofi, Kaka ya je ya tsaya a gabanta da muciyarsa ta motsa shuni. Direban ya yi ta hon, ya gaji ya kewaye. Da aka zo sake rabon gonaki, yankin da rijiyoyin suke ya faɗo wa gidanmu, suka zauna a tsakiyar gonar noman rani babu mai taɓa su. Sai dai sana'ar ita ce ta riƙa mutuwa a tsaye. Yadin kamfani ya cika kasuwa, galura ta zo a gwangwani tana rina a wuni ɗaya abin da shuni ke yi a mako, fari kuma ya kashe wa Buzaye dabbobi, suka daina zuwa. Daga baya yanar ido ta rufe wa Kaka idanu, ya koma zaman ɗaki.

Shekara guda bayan canjin kuɗi aka yi ta shela cewa kamfanin matse tumatir da ke bakin babban kanal zai sayi duk abin da manomi ya noma. Kowa ya haukace da tumatir. Mahaifina ya dubi rijiyoyi bakwai sun cinye masa wuri, ruwan kanal ya tsattsafo ya cika su da kore, sauro ya yi gida, har ɗan akuyar maƙwabci ya taɓa faɗawa. Ya ɗauko masu jakuna, kwana uku suna jido ƙasa, suka cike su tas, aka ja kunya a kai aka dasa tumatir. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Bakuna goma sha yake ciyarwa, kuma bai taɓa koyon rini ba, ramuka kawai yake gani. Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne abin da ya biyo baya. Inna, mahaifiyata, ta tara mu a bayan ɗakin girki ta ce duk wanda ya bari maganar nan ta kai kunnen tsoho, sai ta yanke masa nasa kunnen.

Aka yi wata uku a haka. Alkama ta fara ja, tumatir ya nuna ko'ina lokaci guda. Wata safiya na kai wa Kaka koko, ya riƙe ƙoƙon bai sha ba.

“Uwata, je ki gaya wa wancan, ina so a kai ni karofi ranar Asabar. Ba keke, ba mota. Da ƙafa, ta bakin ruwa.”

Na sami mahaifina a zaure yana ɗaure bakin kwanduna. Da na faɗa masa, hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce gaba da gonarmu kaɗan, ƙetaren lambatu, akwai rijiyoyi uku na wasu mutane da suka koma birni, ba a cike su ba.

“Ki kai shi can. Rami ai rami ne, ba gani yake yi ba.”

Na ce, “Baba, ko kai za ka kai shi?”

Ya ce ina aka taɓa ganin ɗan fari ya shiga gaban ubansa yana ja masa sanda. Ka ji fa. Kunya ta hana shi riƙe sanda, amma ba ta hana shi cike rijiya ba. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji biyar, ban san yadda ake ce wa uba a'a ba.

Ranar Asabar Kaka ya sa a fito masa da tsohon korensa, baƙar rigar da ya rina da hannunsa tun kafin a haifi mahaifina. Muka fita da hantsi, ni a gaba da kan sanda, shi a baya. Muka bi ƙaramin kanal har muka hau gaɓar babban, inda aka zuba jar ƙasa don motocin ma'aikatan ruwa. Idan ba ka taɓa bin gaɓar nan da rani ba, ka yi asarar kallo. Ruwa yana tafiya shiru a dama, yara maza suna tsalle daga kan gada tsirara, mata suna wanki a matakala, a hagu kuma manoma sun jera tiyo suna jan ruwa zuwa cikin kunyoyi. Ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi. Ni dai ranar ko kallon masu iyo ban yi ba.

Kaka kuwa a wata ƙasa daban yake tafiya, wadda babu ita. Zai tsaya ya nuna da haɓa ya ce nan akwai dorawa uku, a ƙarƙashinsu fatake daga Madobi suke sauke kaya. In ce, “Babu dorawa, Kaka, alkama ce.” Ya gyaɗa kai. Can gaba ya ce nan wata ƙorama ce da suke kamun tarwaɗa suna yara. In ce, “An cike, yanzu shinkafa ake yi da damina.” Ya ce, “To.” Duk abin da ya tambaya gaskiya nake gaya masa, har da ɗan gatse, ina ce masa ƙasar tasa ta tsufa kamar shi. Yana dariya. A nan ne ya jefo tambayar kamar ba da gangan ba.

“Rijiyoyina dai suna nan ko, Uwata?”

Na ce, “Suna nan.” Na ƙara sauri har sai da ya ce in tuna ba jaki nake ja ba.

Muka wuce wani fili da aka kewaye da waya, inda aka jera taraktocin da suka mutu, tayoyi sun zauna, ƙadangaru suna shan rana a kan kujerar direba. Shekara nawa ma da kawo su, ana guɗa. Daga nan sai warin ya tare mu tun kafin mu ga kamfanin. Ƙofar ƙarfe a rufe, bututun hayaƙi shiru, kwandunan tumatir kuwa sun yi layi daga bakin ƙofa har gangaren kanal, ruwa ja yana tsiyaya daga gindinsu. Maza suna zaune a inuwar katanga sun yi tagumi. An ce musu inji ne ya lalace, sai an kawo wani ƙarfe daga ƙasar waje. Na hango namu kwandunan a cikin layin, na gane su da jan ƙyallen da Inna ta ɗaura musu. Kwanansu uku a wurin.

Kaka ya ja gefen rigarsa ya rufe hanci. “Me ya mutu a nan?”

Na ce, “Tumatir ne.”

Ya ce, “Shuni ma yana wari, amma shi warinsa na aiki ne.” Muka wuce.

Da rana ta ɗaga muka isa wani tsohon gari mai ganuwa da ke kan hanyar Bunkure. Ganuwar ta zaizaye ta zama tudu, awaki suna kiwo a kai, ƙofar garin kuma giɓi ce kawai da kowa ya san sunanta. Kaka ya ce a da, tun daga nesa da tafiyar rabin sa'a kake jin bugu daga garin nan, mabuga talatin suna sauke guduma bi da bi, har amare suna koyon daka da sautinsu. Ya sa na tsaya muka kasa kunne. Babu abin da muka ji sai injin niƙa da rediyon mai shayi. Amma ya tuna lungun, shi ya riƙa ce mini dama, hagu, har muka shiga wata rumfa mai duhu. Mabugi ɗaya ya rage a ciki, tsoho kamarsa, yana buga wa wani ɗan kasuwa shadda. Da ya ga Kaka ya ajiye guduma ya tashi da salati. Suka riƙe hannun juna suna lissafa waɗanda suka rasu, aka kawo mana fura.

Da mabugin ya ji inda za mu, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, “Karofi? Ashe ba a...” Ya dube ni. Ni kuma na zuba masa ido ina girgiza kai, hawaye sun kusa zubo mini. Dattijon nan, mai jikoki, ya haɗiye maganarsa saboda girgiza kan yarinya. Ya ce, “Ashe ba a manta da mu ba. Allah ya kai ku lafiya.” Na daɗe ina ganin ya yi mini alheri. Yanzu ina ganin da ya ƙarasa maganarsa, da ya sauke mini kayan a nan, a gaban tsara, inda tsoho zai iya yin fushinsa da wanda ya kai.

Daga garin muka gangara zuwa kogi. Tun da aka datse shi a sama ya rame, yashi ya fi ruwa yawa, amma akwai sanyi a gaɓar, da gwaiba da rake a lambunan mutane. Kaka ya yi alwala, muka zauna a kan wani dutse ya huta. Nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin da mahaifinsa yake shafa wa babbar rijiya sabon laso, mahaifiyarsa ta kawo abinci tana goye da shi, yana koyon tafiya. Ta sauke shi don ta juye tuwo, sai ya yi tatata ya taka ɗanyen lason a bakin rijiyar ta gabas. Mahaifinsa ya ɗauko ludayin shafe zai goge, ta riƙe masa hannu ta ce a bar mata.

“Ke kika hana a shafe shi,” ya ce, yana murmushi wajen da yake zaton fuskata take. “Yatsu biyar da dunduniya. Shekara saba'in ina tsoma yadi ina kallonsa. Shi nake so in taɓa, ba wani abu ba.”

Mahaifina bai san da sawun nan ba, ko ya sani ya manta, don da wuya ya taɓa durƙusawa a bakin rijiyar. Rami ba rami ba ne ke nan. A kan dutsen nan na sami damar da ta fi kowace. Babu kowa sai ni da shi da ruwa. Da na ce, “Kaka, an cike,” da ya yi kuka ko ya yi shiru, mu juya gida. Amma na tuna kunnena da Inna, na tuna hannun mahaifina a kan igiya, na kuma ji tsoron in zama ni ce na kashe wa tsoho fuskar nan da yake yi. Da ya sake tambaya ko rijiyoyin suna nan lafiya, na ce lafiya lau.

Tsohon garinmu ya zama kufai, sai tudun gidaje da tumfafiya. Gonarmu tana bayansa, da wata tsamiya guda a gefenta wadda katafila ta bari. Na ja sandar na yi nesa da tsamiyar yadda zan iya, na bi ta bayan gonar maƙwabci. Kaka ya ɗan ja baya, ya karkata kai kamar mai sauraro, ya ce, “Kamar mun bar tsamiya a hagu.” Na ce hanyar can ruwa ya ci ta. Muka tsallaka lambatu, na riƙe shi da ƙyar, muka isa rijiyoyin mutanen birni. Uku ne, ciyawa ta rufe biyu, ta ukun akwai ɗan ruwa baƙi a ƙasanta da kwaɗi.

Na ce, “Ga babbar.”

Ya saki sanda, ya tattare korensa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Ya ɗora tafin hannu a bakin rijiyar ya fara shafawa a hankali, yana jan gwiwa yana kewayawa. Ya zagaye ta kaf. Ya sake zagayewa. Rana tana dukan ƙeyarsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni. Da ya gama zagaye na biyu ya zauna a kan dugadugansa.

“Uwata, hannun nan ya tsufa, ba ya ji. Ke da ke da ido, sawun yana nan?”

Wannan ba ya cikin aiken da aka ba ni. Mahaifina bai ce in yi ba, Inna ba ta ce ba. Abin da na yi daga nan nawa ne ni kaɗai. Na duba bakin rijiyar, na ga wani wuri da laso ya ɓantare ya bar ɗan lotsawa kamar tafin yaro. Na ce, “Yana nan.”

“Ɗora mini hannu a kai.”

Na kama hannun nan mai shuɗin farce, na ja shi na ɗora a kan ɓantaren. Yatsunsa suka shiga ciki suka laluba gefe da gefe, suna neman yatsu biyar. Ba su daɗe ba suka tsaya. Ya bar hannun a wurin, nawa a kan nasa, har na ji jijiyarsa tana bugawa. Sannan ya zare a hankali ya ce, “To.” Ya laluba sandarsa ya miƙe.

Na ɗauka na tsira, har na fara surutu a hanya, ina ce masa rijiyar tana buƙatar yashewa. Da muka tsallako lambatu, sai na ji sandar ta yi nauyi, daga nan ta zame daga hannuna. Kaka ya juya da kansa ya nufi tsamiya, yana dogarawa, babu mai ja. Ina kiransa bai waiwayo ba. Ya kai ga tsamiyar ya dafa ta, ya juya mata baya, ya fuskanci gabas, ya fara taku yana ƙirgawa a bakinsa. Ya shiga cikin tumatirinmu kai tsaye. Ba a tsinka ba kwana uku saboda babu kwando, duk ya zube ya ruɓe a kunya, yana takawa yana fashewa, jan ruwa yana ɓata masa gefen riga. A taku na ashirin da wani abu ya tsaya ya tsuguna.

Da hannu ya yi ta tono, ya ture tushen tumatir, ya zurfafa har wuyan hannu. Ƙasar da masu jakuna suka zuba ja ce, amma abin da ya damƙo daga ƙasanta toka-toka ne mai shuɗi. Ya kai hanci ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa. Ban ga hawaye ba, idanun nan farare ba su nuna komai. Ya dunƙule ƙasar ya sa a aljihun korensa, ya goge hannu a gwiwa, ya miƙo mini kan sandar daidai inda nake tsaye ina kuka.

“Mu je gida, yarinya.”

Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini yarinya ba. Muka biyo gaɓar kanal, muka wuce ganuwa, muka wuce kamfani da warinsa da mazan da ke zaune har yanzu, muka wuce taraktoci, bai ƙara tambayar wata dorawa ba. Da la'asar muka shiga gida. Mahaifina yana zaure, ya ga jan tumatir a gefen rigar, ya ga ƙasa a faratan ubansa, ya sunkuyar da kai. Kaka ya wuce shi kamar yadda ya saba.

Ka san me aka yi a kan maganar? Ba a yi komai ba. Washegari mahaifina ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, Kaka ya amsa yana kau da kai, yadda suke yi shekara arba'in. Uba bai tambaya ba, ɗa bai nemi gafara ba, kunya ta rufe su duka biyun lafiya lau. Ni ce ba ta rufe ba. Kaka ya daina aike na, idan soro ya yi yoyo sai ya matsar da tabarmarsa. Bai zage ni ba, bai hana ni shiga ɗakinsa ba, har ƙashin kaza yana ajiye mini. Sunan ne kawai ya ɗauke. Ina jin haushin mahaifina, ina jin na Inna, kuma bari in faɗa maka gaskiya, ina jin haushin Kaka ma. Na tabbata ya san an cike rijiyoyin tun kafin mu fita, hancin marini ba ya kuskure warin tsohuwar toka a ƙafar masu shiga gida. Ɗansa ya kamata ya tambaya. Da ya kasa, sai ya tambayi 'yar shekara goma sha ɗaya har sau uku, kuma ita ta biya.

Tumatirin shekarar a kanal aka zubar da shi, wanda mata suka iya yankawa suka shanya a bakin titi. Kamfanin bai ƙara buɗewa ba sai bayan lokacin tumatir ya wuce. Da ruwan farko ya sauka Kaka ya kwanta ciwo. Wata safiya na kai masa koko, na durƙusa kusa da kansa, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, “Kaka, uwarka ce ta kawo maka koko.” Na zaci barci yake. Can ya ce, “Ajiye nan, yarinya. Allah ya yi miki albarka.” Bayan kwana huɗu ya rasu. Da ake naɗe kayansa Inna ta zazzage aljihun koren, busasshen curin ƙasa ya faɗo ya farfashe a tsakar ɗaki. Ta ce tsufa dai, ta sa tsintsiya. Mahaifina yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya fita.

Bara na koma da jikata, muka bi gaɓar kanal da ƙafa, don na gaya mata gwiwata ce ke son motsi. Yanzu shinkafa ce ko'ina, injinan casa suna ruri tun daga Kura har Garun Mallam, babura sun hana mai tafiya sakat. Rumfar mabugin ta zama shagon cajin waya. Rijiyoyin mutanen birni kuwa, su da ba su da mai tsaya musu a gaban katafila, su ne suka rayu. An kewaye su da ɗan shinge, ɗalibai suna zuwa suna ɗaukar hoto, wani saurayi yana yi musu bayanin sana'ar kakanni da bakin da bai taɓa shaƙar shuni ba. Na leƙa, ɓantaren nan yana nan inda yake.

Tsamiyar ma tana nan. Gonar an sayar tun bayan rasuwar mahaifina. Na dafa itacen, na juya masa baya, na fuskanci gabas, na ƙirga taku har ruwan shinkafa ya kai mini idon sawu. Wani wuri a ƙarƙashin ƙafata akwai yatsu biyar da dunduniya na yaron da ke koyon tafiya. Jikata ta ƙwala mini kira daga kan gaɓa, tana tambaya me nake nema a gonar mutane. Na buɗe baki zan ce ba komai, sai na fasa. Na fito na zaunar da ita a gindin tsamiyar na gaya mata duka, har da abin da ba a aike ni ba. Ta saurara, ta ce, “To Hajiya, me ya sa ba ki gaya masa kawai ba?” 'Yan yanzu ke nan, komai a wurinsu kawai ne.

Na haifi bakwai, duk suna ce mini Mama, kuma na gode wa Allah. Amma mutum ɗaya ne ya kira ni uwarsa tun ban san komai ba, ya miƙo mini hannu don in nuna masa sawunsa, ni kuma na kama hannun na ɗora a bakin rijiyar wasu.